Kwalba ta Goma Sha Ɗaya

Litinin, 4 ga wata, biyar da rabi na yamma

Kowa ya tashi, saura ni a lab, ɗakin gwajinmu, da firiza tana ta gurnaninta. Na zaro sabon littafi daga cikin waɗanda muke rubuta sakamako, na ce bari in ɓata shi da abin da ba zai shiga na aiki ba.

Shekara ashirin da takwas ina bin ƙwayar ciwon hanta. Tambaya ɗaya nake yi tun gashina yana baƙi: me ya sa garkuwar jikin wani take korar ta, jikin wani kuma ya shimfiɗa mata tabarma ta zauna har ta cinye hantar? Takardata ta ƙarshe kafin in ajiye aiki tana hannun masu tantancewa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ban san shi ba amma na kwana uku ina yi masa Allah wadai, ya ce sai mun sake gwada jinin masu lafiyar da muka kwatanta da na marasa lafiya, a sabuwar na'urar nan mai ƙirga ƙwayar ita kanta. Na ce ɓata lokaci ne. Na yi ne kawai don in rufe masa baki.

Kwalba goma sha tara. Sha takwas fes. Ta goma sha ɗaya cike take da ƙwayar, ba kuma kaɗan ba.

Na sake sau biyu. Na canza ruwan gwaji, na canza safar hannu, har na'urar na kashe na kunna. Amsar ba ta motsa ba.

Talata, 5, bakwai na safe

Gara in rubuta yadda aka yi, ko na daina maimaita wa kaina a mota.

Shekara huɗu da suka wuce muka rasa jinin masu lafiya, lokaci kuma ya ƙure mana. Sai muka yi abin da masu irin aikinmu suke yi ba sa faɗa: muka naɗe hannun riga. Jinin gida muke ce masa. Ni, da Mai Allura wanda ya shekara ashirin yana ɗibar mana jini, da sakatariya, da direba, da mai shara, da ɗalibai. Da muka ga ba mu kai ba na buga waya gida. Maigida ya zo. Ƙanena Auta ya rufe shagon ɗinkinsa ya zo. Aka sayo lemo da biskit, ana ta shewa ana tsokanar masu tsoron allura.

Kowa ya zari lamba daga cikin ambulan. Takarda ɗaya tak ta haɗa lamba da suna. Muka gwada duka da tsinken gwaji irin na asibiti, duk sha taran babu komai. Na tsaya a gabansu na ce, duk lafiyarku ƙalau. Na ɗaga takardar na yayyaga ta, na zuba a kwandon da ake ƙonawa. Har tafi suka yi mini. Ni ce fa mai wa'azin sirri, mai cewa kada mai gwaji ya san jinin wa yake riƙe da shi. Na faɗi haka a aji ya fi sau ɗari, ina hura hanci.

Tsinken ba kowace iri yake gani ba. Akwai wadda take sauya kama, ya wuce ta bai gane ta ba. Na san haka. Ina da takarda guda a kan haka, da sunana a sama.

To yanzu akwai mutum ɗaya cikin sha tara, wanda na sani, na kalli idonsa na ce masa lafiyarsa ƙalau, ƙwayar kuwa tana cin hantarsa shekara huɗu ke nan aƙalla. Akwai magani, ƙwaya ɗaya kullum, in an kama da wuri. Ban san ko wane ne ba.

Talata, ɗaya na rana

Na faɗa wa Mai Allura. Ya cire tabarau ya goge da gefen farar rigarsa, ya mayar, ya sake cirewa.

"Malama," shi har yau Malama yake ce mini, farfesanci bai dame shi ba, "ba kya tuna wa ya zari sha ɗaya?"

"Da ina tunawa zan zo ina tambayarka?"

"Ni na so in kwafe sunayen a bayan littafina. Kika ce in na yi sai kin kore ni."

"Na sani."

"Ba gori nake miki ba."

"Na sani, na ce."

Muka zauna da takarda muna tuno waɗanda suka zo ranar. Mun samu sha bakwai kafin azahar. Sauran biyun sakatariya ce ta tuno su, saboda sun cinye mata biskit.

Laraba, 6, huɗu na yamma

Kwamitin da ke kula da haƙƙin masu ba da jini ya zauna. Shugaban ya yi ta juya biro yana magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Hukuncinsu: in rubuta wa duka sha taran wasiƙa iri ɗaya, in gayyace su a sake gwaji a na'urar. Wanda ya ƙi, ya ƙi. Kada in taɓa kwalbar da niyyar gano mai ita.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ne fa a cikin kwalbar nan."

Ya ce, "Farfesa, dokar nan da hannunki aka rubuta ta."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in jefe shi da jakata.

Alhamis, 7, shida na yamma

Yanzu na'urar ranar Alhamis kawai take cin jini, sai an tara. Mu bakwai da ke kusa muka bayar. Ni na ɗebi na Mai Allura, ya kau da kai yana salati, gumi na zubo masa. Na ce wanzami ba ya son jarfa. Ya ce in yi aikina in bar shi da abin da ya dame shi.

Duk bakwai babu. Har da ni. Saura sha biyu.

Juma'a, 8, takwas na safe

Wasiƙu sun tafi. Ta Auta tana jakata, na ce ni zan kai masa da hannu.

Litinin, 11, biyu na rana

Tun safe ina kan waya. Ɗalibai sun watse, wasu sun canza lamba, wata ta yi aure ta bar gari. Kowa na samu sai ya ce, "Ai Farfesa an gwada ni bara a asibiti, babu komai." Sai in fara bayani daga farko: gwajin asibitin ne bai gani ba, irin wannan sai na'urar. Ɗaya ya ce, "To ku da kuka san haka, me ya sa kuka ce mana muna lafiya?" Na ce ya dai zo a sake gwajin.

Wasiƙar tana jakata.

Alhamis, 14, shida na yamma

Biyar yau, har da Maigida. Babu. Saura bakwai.

Da na faɗa masa a mota ya ce alhamdu lillahi, ya ɗan yi tuƙi, sannan ya ce, "Auta fa?"

Na ce aiki ya yi masa yawa.

"Shi ya faɗa miki, ko ke kika faɗa masa?"

Na ce ya kalli hanya.

Asabar, 16, biyar na yamma

Na je shagon.

Yana nan yadda yake: keke uku, tebur mai tabon dutsen guga, ƙyallaye a ƙasa har idon sawu, fanka tana kaɗa zaren da ke rataye. Wata makaranta ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibai, shuɗin yadi ya cika ko'ina. Yana ganina ya cire allura daga baki ya ce, "Jama'a a rufe jiki, sauron gidanmu ya iso."

Tun yana saurayi yake ce mini sauro. Na ba shi wasiƙar. Ya karanta yana riƙe da ita nesa da ido, don ya ƙi yarda yana buƙatar tabarau.

"Yaya, sau nawa kika sha jinina? Uku. Na huɗun me za ki gani, zinariya?"

"Ɗaya daga cikinku yana da ita, Auta."

"Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ba ni ba ne. Ke kika yi mini rigakafi da hannunki, allura uku, har yau in hadari ya haɗo sai kafaɗar ta tuna mini."

"Ka dai zo."

"Sai na sallami yaran mutane. Riga ɗari biyu, Yaya. In na makara shugabar makarantar za ta ɗinke ni da raina."

Sirinji da auduga da kwalba duk suna cikin jakata. Minti biyu ne aikin. In na daka masa tsawa zai miƙo hannu, bai taɓa ƙi ba. Na ce to, sai ka gama. Na sha lemon da ya aika aka sayo, na yaba wani yadi, na fito.

Wandon da ke jikinsa ni na ba shi yadin bara. Ya zauna masa daidai a lokacin. Yau na ga sabon ɗinki a ƙugun, gefe da gefe, an rage. Aiki mai kyau, in ba wadda ta girma a gidan tela ba babu mai lura.

Lahadi, 17, goma na safe

Mutum yana iya ramewa don aiki.

Lahadi, huɗu na yamma

Yau Inna nake ta tunawa, ban san dalili ba. Na san dalili.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, Auta yana da sha biyu. Cikinta ya kumbura, idonta ya yi rawaya, ƙafafu suka ƙi shiga takalmi. Wata uku aka yi. Likitan ya ce hanta ce, ya faɗi sunan ƙwayar, na rubuta a tafin hannuna don kada in manta. Daga wannan tafin hannun duk aikina ya fito.

Daga baya na gwada kaina, na ga alamar cewa ƙwayar ta taɓa shiga jikina ina ƙarama, garkuwata ta kore ta. Daga uwa ake samu, wajen haihuwa ko a goyo. Na kama Auta na gwada da tsinke, babu. Na yi kuka don murna a bayan ƙofar lab. Na yi masa rigakafi, na ce shi ke nan, wannan gidan an rufe mata ƙofa.

Akwai gwaji na biyu, mai nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jikin mutum. Shi na yi wa kaina. Duk ɗalibin da ya kawo mini sakamakon ɗan mai cutar babu wannan gwajin, mayar masa nake yi da jan biro. Ban taɓa yi wa Auta ba. Tsinke ya ce babu, na karɓa hannu bibbiyu, ban sake tambaya ba. Sau uku ina maimaita gwajin da na san zai ba ni amsar da nake so.

Rigakafi kuma ba ya korar wadda ta riga ta shiga. Wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani.

Talata, 19, bakwai da rabi na safe

Na karya doka. Na zo kafin kowa, na ciro sha ɗaya daga firiza, na ɗiga kaɗan na duba rukunin jinin. Mai Allura ya shigo ya same ni. Ya kalli kwalbar, ya kalle ni, ya ce, "Ban ga komai ba, Malama," ya fita ya ja ƙofa.

Rukunin A ne.

Mutane da yawa A ne. Ni ma A ce. A durowar gida akwai katin da na rubuta rukunin kowa saboda ko-ta-kwana, ba sai na buɗe ba.

Da ban duba ba. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne yanzu na kasa cin abinci.

Alhamis, 21, shida na yamma

Uku yau. Babu. Saura huɗu.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, don babu wanda zan iya faɗa wa. Ɗaya daga cikin ukun tsohon mai gadinmu ne, dattijo mai 'ya'ya takwas, ya hau mota biyu ya zo don na kira shi. Lokacin da na'urar take aiki na tsaya a gabanta ina roƙon Allah ya sa shi ne. Da bakina. Da sakamakon ya fito na je na ce masa, Baba, albishirinka, lafiyarka ƙalau. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce irina ba su da yawa a duniya.

Na shiga banɗaki na wanke fuska na daɗe.

Juma'a, 22, tara na safe

Ban kira shi ba.

Litinin, 25, uku na rana

Mujallar ta rubuto tana tambayar sakamakon sake gwajin. Sakatariya ta ce me za ta amsa. Na ce ta ce muna kai. Shekara shida na yi a kan takardar nan, yau ko taken ba na son gani.

An kuma kawo mini tsarin walimar sallamata in duba. Za a yi jawabi a kan rayukan da na ceta. An bar mini minti goma in yi godiya. Na sa a ƙarƙashin tiren shayi.

Matar Auta ta bugo da rana, wai gaisuwa. Muka yi ta zagaye, yara, makaranta, tsadar kaya. Can ta ce, "Yaya, ƙanenki fa ba ya cin abinci. Cokali biyu ya ture. In na yi magana ya ce gajiya ce." Na ce ai gajiyar ce, ɗinkin ya yi yawa. Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "To tunda ke kika faɗa."

Tunda ni na faɗa.

Laraba, 27, takwas na safe

Ban kira shi ba. Maigida ya daina tambaya, sai dai ya ajiye mini shayi ya tsaya a kaina har in sha.

Alhamis, 28, shida na yamma

Biyu. Babu.

Saura biyu: wani ɗalibina da yake karatu a ƙasar waje, da wanda ya rage.

Ɗalibin siriri ne tun da, kuma na tuna yana yawan zazzaɓi. Na tuna mahaifinsa ya rasu da wuri, ban san da wace cuta ba. Na rubuta masa sau uku. Na kama kaina ina tattara masa alamu kamar mai haɗa shaidar ƙarya.

Asabar, 30, sha ɗaya na safe

Maigida ya zauna a bakin gado yana sa takalmi, bai kalle ni ba ya ce, "Kin san kowace Alhamis da kika bari ta wuce, tasa ce ba taki ba."

Na ce masa shi da ya yi aikin gidan waya shekara talatin yaushe ya zama likita. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Ya ƙarasa ɗaure takalminsa ya ce zai sayo burodi.

Litinin, 2 ga sabon wata, goma na safe

Ɗalibin ya amsa. An gwada shi a can da irin na'urarmu. Ya turo hoton takardar, ya ƙara da cewa yana gaishe da kowa.

Saura ɗaya.

Talata, 3, biyar na yamma

Na je da jakata, wannan karon na buɗe ta tun daga ƙofa.

Shuɗin yadin ya tafi, an gama kayan makarantar tun makon jiya, bai zo ba, ni ma ban neme shi ba. Ya sallami masu taya shi, wai su je su ci abinci. Bai ce sauro ba. Ya ture almakashi gefe, ya ɗora hannu a kan teburin yanka, ya naɗe riga da kansa.

Na ɗaura igiyar roba. Hannun ya sirance, jijiyar tana kwance a fili. Yana kallon jinin yana hawa kwalba ya ce, "Inci uku, Yaya."

"Me?"

"Ƙuguna. Tela ne ni, ina da awona a kai. Inci uku cikin wata biyar."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Na je asibitin unguwa fa, kada ki ce ban je ba. Nan ƙarƙashin haƙarƙari yake mini nauyi, ta dama. Wani likita matashi ya danna, ya danna, ya ce yana so a ɗauki hoton hantata." Ya yi 'yar dariya. "Na ce masa, likita, ka san wace ce yayata? Na faɗi sunanki. Wallahi miƙewa ya yi, ya ce littafinki ya karanta ya ci jarrabawa. Na ce to ita ta gwada ni sau uku, ta ce hantata ta fi ta kowa. Ya ce in haka ne ƙila iska ce, ya ba ni maganin gyambon ciki."

"Yaushe?"

"Wata biyar ke nan."

Na danna auduga a wurin na riƙe. Na riƙe fiye da yadda ake riƙewa. Ya ce, "Yaya, ya tsaya fa." Na ce na sani.

Da zan fita ya ce in tsaya, gefen mayafina ya warware, ya karɓa ya bi shi da keke. Na tsaya a shagon da jininsa a jakata ina jira ya gama mini ɗinki.

Laraba, 4, sha biyu na rana

Yaron ya yi daidai. Likitan nan matashi, hannunsa ya gaya masa gaskiya, sunana ya sa ya janye. Da Auta ba shi da yaya farfesa, da an ɗauki hoton tun wata biyar.

Alhamis, 5, huɗu na yamma

Mai Allura ne ya sa a na'ura, ni na kasa. Na zauna a ofis ina jin ƙararta ta bango. Da ta tsaya ya daɗe bai shigo ba. Sannan ya shigo ya ajiye takardar a kife, ya zauna a kujerar baƙi, abin da bai taɓa yi ba shekara ashirin.

Ba sai na juya ta ba, amma na juya. Ta ninka ta shekara huɗun.

Juma'a, 6, shida na yamma

Na faɗa masa, a falona, Maigida yana zaune. Na shirya bayani tun safe, tsaf, irin wanda nake yi wa iyalan marasa lafiya. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Kai ne, Auta. Ni na yi kuskure. Tun farko ni ce."

Ya ce, "Irin ta Inna?"

Na ce eh.

Ya jima yana murza hularsa a gwiwa. Na so ya yi faɗa. Na so ya tashi ya ce shekara ashirin da takwas kina me, ya buga ƙofa ya fita. Sai ya ce, "To ai gara da aka gani. Kin ce akwai magani ko?"

Na ce akwai. Ban ce masa maganin ƙwayar yake kashewa ba, ba ya mayar da abin da ta riga ta ci. Na ce Litinin za a ɗauki hoto.

Ya ce, "Ki daina kukan nan mana, sai ka ce wata ƙaramar yarinya. Yaya Babba, ka yi mata magana." Maigida yake nufi, shi kuwa ya taso ya dafa kafaɗata.

Litinin, 9, biyu na rana

Mai ɗaukar hoton ɗalibata ce ta da. Ta shafa masa man, ta ɗora abin a cikinsa, suna hira yana ba ta dariya, wai sanyin man zai sa ya yi fitsari a gadon gwamnati. Ina tsaye a bayanta ina kallon allon. Ta zo wani wuri ta tsaya. Ta koma ta sake zuwa. Ta daina dariya, ta fara auna wani abu, daga nan zuwa nan, ta sake auna wani.

Ta ɗan karkatar da allon daga gare shi. Ni na koya mata yin haka.

Ba zan rubuta adadin ba.

Talata, 10, bakwai na safe

Na kira duk wanda na sani. Masu tiyata biyu, da wani tsohon abokin karatuna da ya ƙware a wannan. Kowa ya saurara, ya nemi in turo hoton, ya kira ni bayan awa ɗaya da murya mai laushi. Na san muryar, da ita nake magana da mutane. Ɗaya ya ce, "Da a ce wata shida baya ne." Na ce biyar. Ya ce me? Na ce babu komai.

Laraba, 11, biyar na yamma

Ya fara shan maganin. Ya koma shago, wai akwai rigunan da ya yi alkawari. Ya tambaye ni ko zai iya shan shayi da madara. Na ce zai iya. Abin da ya rage mini ke nan in ba shi, izinin shan shayi.

Alhamis, 12, tara na safe

Na ce wa sakatariya ta rubuta wa mujallar gaskiya: ɗaya daga cikin masu lafiyar ba mai lafiya ba ne. Su yi yadda suka ga dama da takardar. Mai tantancewar nan da na yi ta zagi, ban san sunansa ba, ba zan taɓa sani ba. Shi kaɗai ne a duk wannan lamarin ya yi aikinsa.

Asabar, 14, sha biyu na rana

Na ce a kawo matarsa da yaran uku a gwada su, a na'ura, da gwaji na biyun, da duk abin da ake yi. Na shirya da Mai Allura ya zo ya ɗiba, don ni tun ranar Litinin ko kofi na ɗauka sai ya yi ƙara a kan faranti.

Suka zo da safe. Lab babu kowa, yaran suna ta leƙa firiza suna tambaya ko akwai ƙanƙara. Matar ta zauna a bakin kujera, idonta ya kumbura, ta gaishe ni har ƙasa kamar kullum. Da ta ƙi gaishe ni da na fi samun sauƙi.

Mai Allura ya sa safar hannu ya jawo tire. Auta ya ce, "A'a, Malam, ka yi haƙuri. Yaya ce za ta yi."

Na ce, "Auta, ya fi ni hannu. Shekara ashirin yana yi."

"Na sani. Ni dai ke nake so."

Na yi wa matar, na yi wa manyan biyu, ban san yadda aka yi ba. Ƙaramar, mai shekara biyar, ta ga allura ta ƙanƙame ubanta ta fasa kuka. Ya ɗora ta a cinya, ya miƙo mini hannunta ya riƙe, yana shafa mata kai. Na nemi jijiyar. Mai Allura ya matso kusa da ni.

Auta ya sunkuya wajen kunnenta ya ce, "Yi shiru, uwata. Kalli can. Gwaggonki ce fa, ba ta kuskure."

Yadda ya saba faɗa ya faɗa, bai ma ji abin da ya ce ba. Matarsa ta ji, ta sunkuyar da kai. Na soka allurar.